Ɗinkin da ke Ƙirjina

Tun ina ƙarama a Matameye ban taɓa kai wa rijiyar unguwarmu ba tare da na tsuguna a hanya ba. Rijiyar ba ta da nisa, daga ƙofar gidanmu ana hango mata suna jan guga. Amma in na ɗauki ƴar ƙwaryata na bi yaran unguwa, kafin mu yi rabin hanya sai numfashi ya ƙi shiga, ƙafafuna su yi nauyi, in durƙusa in haɗa gwiwa da ƙirji. Ba wanda ya koya mini haka. Jikina ne ya gano cewa in na naɗe kamar mai jin sanyi abin yakan lafa. Yara su wuce su bar ni, su ɗebo ruwansu su dawo su tarar da ni inda suka bar ni.

Leɓɓana da faratana baƙaƙe ne masu shuɗi-shuɗi, kamar na yaron da ya wuni yana cin ɗinya. Kan yatsuna kuma a kumbure suke. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ni, wasu suka ce baki ne. Inna, mahaifiyata, ba inda ba ta kai ni ba. Na sha rubutu, na sha jiƙo, an turara ni da hayaƙi har idona ya yi ja, wanzami ya yi mini ƙaho a baya. Ni ce ta farinta, saboda haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke ƴar nan". Wadda ta fi kowa wahala da ni ita ce Kaka, uwar Baba. Ta goya ni har na yi girman da ƙafafuna suna dukan cinyoyinta, mata suna yi mata tsiya a kasuwa, ita kuwa ko a jikinta.

A haka nake har ruwan sama ya ɗauke mana. Baba manomin gyaɗa ne, kuma a shekarun nan ko irin da ya zuba bai mayar ba. Rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma suka ƙare. Makiyaya suka gangaro daga arewa da ƴan shanun da suka rage musu, suka sauka a bayan gari, kullum sai an ja mushe an fitar. Wata safiya muka ji maza sun taru a gindin rediyon mai shago, aka ce soja sun karɓi mulki. Ni ban san ma'anar wannan ba. Abin da na gani shi ne manyan motocin soja sun fara shigowa da buhunan jar dawa, kuma an kawo wasu baƙi likitar gari, wato ɗan asibitinmu, suna auna yara a sikeli suna ba su kunu.

Ba don ni aka je ba. Ƙanena ne cikinsa ya kumbura, gashinsa ya yi ja, Inna ta saɓa shi ta tafi, ni kuma na bi ta saboda Kaka ba ta jin daɗi ranar. Da muka isa na tsuguna a jikin bango ina haki. Wata baturiya mai furfura, lokotoro ce, wato likita, ta fito za ta wanke hannu. Ta wuce ni, sai kuma ta dawo da baya. Ta kama hannuna ta jima tana kallon faratana. Ta kira ma'aikacin da ke yi mata tafinta.

"Ta ce yarinyar nan ɗiyar wace ce?"

Inna ta ce, "Tawa ce. Amma ba ita na kawo ba, ga marar lafiyar nan."

"Ta ce za ta duba su duka biyu."

Ta ɗora mini wani abu mai sanyi a ƙirji, ta saka igiyoyinsa a kunne, ta rufe ido. Da ta gama ta yi magana mai tsawo, tafinta ya taƙaita. Ya ce akwai ƙofa a buɗe a tsakiyar zuciyata, jinin da ya sha iska da wanda bai sha ba suna gauraya, hanyar da ke kai jini huhu kuma ta tsuke. Haka aka haife ni, ba wanda ya yi mini komai. Ya ce ana iya gyarawa, amma ba a ƙasar nan ba. Akwai masu taimako da ke ɗaukar yara irina su kai su ƙasar Turawa a yi musu aiki su dawo da su, sai dai iyaye ba sa bi. Inna ta tambaya in ba a yi ba fa. Tafinta ya dubi ƙasa, ya ce irin waɗannan yara ba kasafai suke girma ba.

An yi kwanaki ana maganar a gidanmu. Inna ta ce ba za a yanka mata ɗiya a ƙasar da ba ta san gabas ɗinta ba, in mutuwa ce ta zo ta same ni a hannunta. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, yana zaune yana gyara hauyar da ba abin da za ta nome. Kaka ce ta yanke maganar. Ta ce wa Baba, "Ni nake goyon ta, ni nake jin yadda abin nan yake yi a bayana. Ba bugu yake ba, kokawa yake. Ku bar ta ta je." Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin kumandan, mai mulkin yankinmu, wanda a lokacin soja ne, don neman izinin fita da ni. Ya yi ta kai da kawowa kafin a ba shi. Ranar tafiya Inna ta yi mini kitso, ta ɗaura mini laya a ƙugu, ta ƙi fitowa rakiya.

A Damagaram aka haɗa ni da wata yarinya ƴar garin Ɗan Barto, mai ciwo irin nawa, ta ɗan girme ni. Tare muka yi doguwar hanyar Yamai, babban birnin ƙasarmu, tare muka shiga jirgi, tana riƙe da hannuna kamar dā can mun san juna. Ba na iya tuna ƙasar Turawa sosai. Na tuna sanyi, da farin bango, da abincin da ba yaji. Na tuna na farka maƙogwarona a bushe, ƙirjina kamar an ɗora mini turmi. Bayan kwanaki wata ma'aikaciya ta kawo mini madubi. Na ga yarinya mai jan leɓe tana kallona, na jima kafin na yarda ni ce.

Akwai wata mata a asibitin wadda aikinta kawai ta tashe mu tafiya. Tun ɗinkin yana zafi take zuwa ta kama mu, ta sa mu taka zuwa ƙarshen baranda mu dawo. Daga baya ta kai mu gindin matakalar bene ta nuna sama. Ƴar Ɗan Barto ta riga ni hawa. Na bi ta a hankali, ina jiran inda numfashin zai yanke kamar yadda ya saba. Na kai sama, na tsaya, ina ta jira. Bai yanke ba. Zuciyata tana bugu da sauri, amma iska tana shiga har ƙasan cikina. Muka dubi juna muka fashe da dariya, ɗinkin yana ja muna riƙe ƙirji.

Na dawo Matameye bayan watanni, da takalmi a ƙafa da Hausar da ta ɗan karkace. Na sauka daga mota na ruga gida da gudu, Baba yana bayana yana kira. Ɗakin Kaka na fara nufa. Na tarar an fitar da gadonta, an jingina tabarmi a bango. Ta rasu ina can, zawo ya ɗauke ta tare da tsofaffi da yawa a shekarar. Ba ta taɓa ganin na yi gudu ba.

Inna ta ja ni ɗaki ta ɗaga mini riga. Ɗinkin ya taso daga ƙasan wuyana har kusa da cibiya, ja ne, da ɗigo-ɗigo a gefe da gefe. Ta kai yatsa za ta taɓa, ta fasa, ta sauke rigar. Saƙon da likitocin can suka bayar ya bi ta bakuna da yawa kafin ya iso gidanmu. Daga baya na gane abin da suka ce shi ne in yi wasa kamar kowane yaro, in na gaji in huta, kada a tilasta ni, kuma a riƙa kai ni ana dubawa. Abin da ya zauna a kunnen Inna shi ne hutu. Daga ranar ta hana ni daka, ta hana ni jan guga, ta hana ni zuwa itace. In na ɗauki tsintsiya sai ta karɓe. Tana ganin kamar ɗinkin nan zai ɓalle kamar bakin buhu.

Tun da ba ni da aiki a gida, Baba ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, ko da yake na girme ƴan ajinmu. Can ma labarina ya riga ni zuwa. In an fito motsa jiki sai mushe, malaminmu, ya ce in zauna a inuwa in tsare wa yara takalmansu. Na zauna, ina kallo. Amma in an tashi, ni da ƙawayena mukan bi ta bayan gari inda ba manya, mu yi tsere. A nan na fara sanin iyakata. Ina iya gudu, amma ko wadda ta fi kowa ƙiba sai ta wuce ni. In sun tsaya sun ɗan numfasa sun koma wasa, ni sai na jima ina jiran ƙirjina ya sauka. Tsakanina da yadda nake dā akwai nisa sosai, amma ban kamo su ba, kuma ban taɓa kamo su ba.

Ƴar Ɗan Barto takan zo ranar kasuwa da gwaggonta, ta biyo ta gidanmu. Su a gidansu ba a ware ta ba, suka ce an gyara ta, to ta yi aiki. Ta yi ƙiba, hannayenta suka yi kanta, tana lugude da ƴan mata tana jefa taɓarya sama tana tafi. Ina jin kishinta ƙwarai. Takan ce mini, "Ke har yanzu ƙwai ce a gidanku?" Inna kuwa in ta gan ta da kaya a kai sai ta girgiza kai ta ce Allah ya kyauta.

Muna ƴan mata aka aiko cewa ta rasu. Daga gona take dawowa da damin harawa a kai, tana hira da ƙanwarta, ta ce idonta yana duhu, ta zauna, shi ke nan. Ba wanda ya san ko aikin ne, ko kuwa abin yana nan yana jiran ranarsa ko da a kwance take. Har yau ban sani ba. Muka je ta'aziyya da Inna. A hanyar dawowa, da muka shigo gari ta ce, "Ke ƴar nan, kin dai gani." Na gani. Na daina ko tseren bayan gari. Na yi shekaru ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike, ina sauraron ƙirjina a kowane taku. Abin mamaki, a shekarun nan na zama ne na fi jin gajiya. Ko kasuwa na je na dawo sai na kwanta.

Sai fari ya sake dawowa, wanda ya fi na farko muni a wurinmu. Har lokacin soja ne ke mulki. Gero ya tsiro ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Baba ya ɗauki ƙannena maza biyu suka ƙetara kudu ci-rani, da niyyar su riƙa aiko mana da abin da ya samu. Ba su jima da tafiya ba aka rufe iyaka, aike ya yanke, labari ma sai jefi-jefi. Gidan ya rage ni da Inna da autarmu da ke shan nono. Inna tana rage nata tuwon tana tura mini, tana cewa ta ƙoshi. Zazzaɓi ya kama ta, ya tafi ya bar ta da kumburin ƙafa, ko turmi ba ta iya jawowa.

A lokacin ne hukuma ta yi shela cewa duk mai fili a kwari ya yi noman rani, wanda ya bar nasa a banza za a ba wani. Baba yana da ɗan fili a kwarin da ke hanyar Kance, da rijiya marar zurfi a ciki. An raba irin kabeji da salati da tumatir da dankali. Na karɓo namu na kawo gida na ajiye a gaban Inna.

Ta ce, "Wa zai yi ban ruwa?"

Na ce, "Ni."

"Ba ki da hankali ne? Kin manta ƴar Ɗan Barto?"

"Ban manta ba, Inna. Amma in na zauna, me za mu ci? Ke ba ki iya tashi, yarinyar nan kuma nononki ya ƙafe."

Ta ce ta gwammace a karɓe filin. Na ce ni ban gwammace ba. Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta juya fuska bango. Da safe na ɗauki guga da igiya na fita, ina jin ta tana kuka a hankali, ban waiwaya ba don na san in na waiwaya zan zauna.

Kwanakin farko na sha wuya. Tafiyar kawai, cikin yashi, sai da na yi ta tsayawa. In na ja guga kaɗan sai hannayena su mutu. Tsoro kuma yana tare da ni, kowane bugu na ƙirjina sai in ce ko shi ne. Ba likita kusa da zan tambaya, sai na koma ina tambayar jikina. Na daina cika gugar, rabi nake ja. Na daina aiki in rana ta take, sai da sanyin safiya da bayan la'asar. Na lura in har ina iya yin waƙa ko tasbihi a fili ina aiki, to ba komai. In magana ta fara yankewa a bakina, sai in ajiye in zauna har jijiyar wuyana ta daina harbawa. Sau ɗaya na yi ganganci. Na ga rana za ta faɗi, ban gama ba, na cika tulu na ɗaga shi da ƙarfi lokaci guda. Duniya ta yi duhu, zuciyata ta rikice tana fat-fat ba tsari, kamar tsuntsun da aka rufe a ƙwarya. Na zube a bakin rijiya ina kalmar shahada. Da kanta zuciyar ta koma daidai. Tun ranar ban sake ɗaga abu mai nauyi da gaggawa ba.

A hankali abin ya canza. Hanyar da nake tsayawa sau da yawa na wayi gari ina yin ta ba tsayawa. Hannayena suka yi kanta. Barci ya yi mini daɗi, abin da na jima ban sani ba. Salati ya fara yi, ina kaiwa kasuwa in sayo gero tiya guda, ganyen kabeji kuma mu yi kwaɗo. Inna ba ta yi mini maganar kwari ba ko sau ɗaya. In na dawo sai ta bi ni da ido daga ƙofa har ɗaki, tana duba launin leɓɓana.

Wata rana aka ce za a raba hatsin taimako a magaza, babban ɗakin ajiyar hukuma. Na je na shiga layi cikin rana, soja suna tsare da ƙofa da bulala a hannu saboda turereniya. Da aka zo kaina, sojan da ke miƙa kaya ya dube ni ya ce, "Ina namijin gidanku?" Na ce yana kudu. Ya ce, "To wa zai ɗaukar miki?" Na naɗe gyalena na yi gammo na ɗora a kai. Na roƙe shi ya ɗora mini a hankali. Rabin buhu ne na dawa. Ya ɗaga ya sauke mini shi sannu, bai saki ba sai da ya ga wuyana ya tsaya.

Ban taɓa ɗaukar kaya irin wannan ba. Na taho ina bin inuwar katanga, in numfashi ya yi sama sai in jingina kafaɗa da bango in tsaya da kayan a kai, don na san in na sauke ba mai ɗora mini. Masu wuce ni suna wucewa. Da na shawo kwanar gidanmu na hango Inna a ƙofa, ta dafa bango, da auta a bayanta. Wata maƙwabciya ce ta gaya mata. Ta taimake ni muka sauke buhun a zaure. Ina jiran faɗa. Sai ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, daidai kan ɗinkin da ba ta taɓa yarda ta taɓa ba. Ta jima a haka, idonta a rufe.

Ta ce, "Da ƙarfi yake bugawa."

Na ce, "Yanzu zai sauka, ki jira ki ji."

Ta jira. Muna tsaye a zaure har ya sauka. Sannan ta cire hannunta ta share ido da bakin zane, ta shiga gida. Washegari ta auno dawa ta zuba a turmi, ta miƙo mini taɓarya, ta ce, "Surfa mana. In kin ji wani abu ki ajiye." Ta zauna a gefe tana kallo har na gama.

Baba ya dawo da faɗuwar damina, ya rame har ban gane shi daga nesa ba, da ƙanena ɗaya. Ɗayan ya zauna can, can ya yi iyali. Baba ya je kwari ya ga abin da na yi, ya dawo, filin bai sake cewa nasa ne ba, sai dai ya ce "lambunki".

Wanda na aura malamin lakwal ne da ke koyarwa a Tsauni, yakan tsaya da kekensa ya sayi tumatir a wurina. Da maganar ta kai gidansu, mahaifiyarsa ta ce ta ji yarinyar an taɓa tsaga ta, anya za ta iya gida. Ya ce mata ya ga yarinyar tana ban ruwa ita kaɗai a shekarar da maza suka gudu. Na haifi ƴaƴa biyu, namiji da mace, duka a babban asibitin Damagaram saboda an ce kada in haihu a gida. Cikin farko ya zo da sauƙi. Na biyun ya kusa tafiya da ni. Watannin ƙarshe a zaune nake barci, in na kwanta sai in ji kamar ana danna ni cikin ruwa. Bayan na sauka lokotoro ya kira mijina ya ce zuciyar nan ta yi iya nata, kada a sake. Dangi sun yi ta magana, shi bai taɓa tayar mini da ita ba har ya bar duniya.

Na yi shekaru masu yawa lafiya lau, ina lambu, ina daka, ina zuwa biki da ta'aziyya a ƙafa har ƙauyuka. Har nakan manta da ɗinkin sai in ina wanka. Bayan na aurar da ɗiyata ne na fara lura yashin hanyar kwari ya ƙara nauyi. Da yamma idon sawuna yakan kumbura. Fat-fat ɗin nan da na taɓa ji a bakin rijiya ya fara zuwa ko ina zaune. Ɗana ya kai ni Yamai wurin likitan zuciya, wani matashi ɗan ƙasarmu. Ya duba zuciyar a na'ura, sannan ya ɗora ni a kan wani keke da ba ya tafiya, ya manna mini wayoyi a ƙirji ya ce in yi ta tuƙawa. Ni da ban taɓa hawa keke ba, da girmana. Ban jima ba na ɗaga hannu.

Ya ce, "Mama, aikin da aka yi miki mai kyau ne, shi ya kawo ki yau. Amma gyara aka yi, ba sabuwa aka ba ki ba. Murfin hanyar huhu ba ya rufewa sosai, jini yana komowa baya, shekara da shekaru, har gefen zuciyar ya buɗe ya gaji."

Na ce, "Aikin da na yi ne ya jawo?"

"A'a. Ko kin zauna zai yi haka. Ina ma ganin aikin ne ya riƙe ki. Kowa ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, naki dai daga ƙasa da na mutane ya fara, shi ya sa kika riga sa'o'inki ji."

Ya ce akwai aiki na biyu da ake yi, a sauya murfin, amma a lokacin sai an fita waje. Taimakon da ya kai ni ina yarinya na yara ne. Mun nema ta hanyoyi da dama, bai samu ba, na kuma ce wa ɗana ya bar wahalar da kansa. Likitan ya ba ni magunguna, ya hana ni gishiri da ɗaukar nauyi, ya ce amma tafiya kada in bar ta, kullum in taka gwargwadon abin da zan iya ina magana. Na bar wa ɗan ƙanena lambun. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna.

Ɗana ya biya mana Makka, muka tafi tare. Tun a gida na ƙudura cewa da ƙafata zan yi komai. Ɗawafi na yi shi a ƙafa, a can gefe inda ba matsi, ina dafe da hannunsa, mutane suna wuce mu kamar ruwa. Da aka zo Safa da Marwa na fara, na je na dawo, na sake juyawa, sai addu'ar ta fara yankewa a bakina. Na tsaya na jingina da ginshiƙi. Na jira bugun ƙirjina ya sauka kamar yadda ya saba, bai sauka ba. Ɗana ya ce, "Mama, bari in samo keke." Na ce a'a. Ya tsaya yana riƙe da ni. Ni da kaina daga baya na ce ya je ya samo. Ya tura ni sauran hanyar. Da farko kuka nake, na rufe fuska da mayafi, ina jin kamar an ƙwace mini wani abu. Can na ji muryarsa a bayana yana karanta addu'ar yana haki, sai na buɗe fuska na kama bin sa.

Yanzu duniyata ta ƙanƙance. In na idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, nakan ɗauki sanda in fita. Ƴaƴana suna faɗa a waya, su ce in zauna in huta, ni kuma in ce likita ne ya sa ni. Akwai ranakun da ko zaure ba na kai wa, ƙafafuna sun cika da ruwa, sai in zauna a tsakar gida in yi ta motsa su. Ranar da jikin ya yarda, nakan bi layinmu har bakin titi inda wata mata take suyar ƙosai. Da ta lura a nan nake juyawa, sai ta fara zuwa da ƴar kujera ta ajiye a gefen murhunta, ba wanda take bari ya zauna a kai. In ta hango ni sai ta ɗaga murya ta ce, "Hajiya, yau an iso?" In ce an iso. In zauna, mu gaisa, in tambaye ta yara, ta tambaye ni jiki. In numfashina ya daidaita sai ta naɗe mini ƙosai a takarda, marar gishiri da ta soya mini daban, in tashi in kama hanyar gida.